Gyaran Hoto A Makarantu: A Ajiye Asali Kusa Da Gyara

Kakanninmu sun ce gani ya kori ji. Da wannan magana alƙali ke raba gardama, saboda ita kuma mai sayen hatsi ya kan sa a kwance masa bakin buhu kafin ya ƙirga kuɗi. Da hoto ya shigo ƙasar nan sai ya tarar maganar ta riga ta share masa wuri, jama'a suka karɓe shi tamkar shaidar da ba ta ƙarya. Dattawan da suka yi kallon majigi a ƙofar gidan hakimi suna iya tunawa, a wancan zamani in mutum ya ce, "Ai da idona na gani a hoto," to, baki ya mutu, sai a kama wani zance.

Yau kuwa al'amari ya sake. Wanda ya bi hanyar Gwarzo daga Kano, ya ratse Masanawa cikin ƙasar Kabo, ko ya tsaya Garo, ko ya je Getso, ba zai rasa samari a gindin inuwa sun haɗa kai a kan wayar hannu guda ba. In ya leƙa, watakila ya tarar ɗayansu ya ɗauki hoton abokinsa yana jingine da garu, kafin a ce kwabo ya kawar da garun ya dasa shi gaban wata mota wadda ko a mafarki bai taɓa shiga ba. Su kan yi dariya, a aika wa wani, wani ya aika wa wani. Ba wanda ya koya musu wannan a aji. Saboda haka tambayar da ke gaban malaman makarantu da ma'aikatan ilmi na ƙananan hukumomi ita ce, shin a bar aikin nan a gindin bishiya, ko kuwa a jawo shi cikin aji, a ba yara aikin zango a kansa, a duba, a ba da maki? Mu ra'ayinmu a jawo shi. Amma fa da sharaɗi guda, wanda in babu shi gara a bari: ko wane hoto yaro ya gyara, ya kawo shi tare da asalinsa, ya kuma rubuta abin da ya sake a ciki.

Bari mu fara bayyana abin da a ke nufi da gyaran hoto, domin waɗansu malamai da suka daɗe a aiki sun ɗauka wani abu ne mai wuyar sha'ani. Hoton da ke cikin waya ko kwamfuta ɗige-ɗige ne ƙanana, jere sahu-sahu kamar saƙar tabarma, ko wane ɗigo da lambar launinsa. Launin kuwa haɗin haske uku ne, ja da kore da shuɗi. In kun ji an ce kamarar waya mai megafiksel 12 ce, watau hotonta na da ɗigo wajen miliyan 12. To, gyaran hoto sake lambobin nan ne. In aka ƙara su gaba ɗaya hoto ya yi haske, in aka rage ya yi duhu. In aka kwafi ɗigon wani wuri aka ɗora bisa na wani, sai tabo ya ɓace daga fuska, ko mutum ya ɓace daga cikin taro. Masu aikin su kan kuma jera hotuna bisa juna kamar takardun nan shara-shara da a ke gani ta cikinsu, wannan a ƙasa, wancan a sama, har su zama abu guda. Yaron da ya iya lissafin aji shida na firamare zai fahimci wannan ba da wani jinkiri ba.

Shi kansa gyaran ba yau aka fara shi ba. Tun zamanin kamara mai baƙin mayafi masu hoto ke bin fuskar mutum da fensir su share ƙuraje kafin su buga. A ƙasar Rasha, zamanin Stalin, in babban ma'aikaci ya faɗi sai a share shi daga hotunan hukuma. Haka aka yi wa Nikolai Yezhov, shugaban 'yan sandan ciki, wanda aka kashe a 1940: a wani hoto yana tafe gefen Stalin a bakin ruwa, da aka sake bugawa sai ruwa kaɗai a inda ya ke. Amma a da aikin na 'yan gwanaye ne kaɗan, masu ɗaki mai duhu da magungunan wanke hoto. Da kamfanin Adobe na Amurka ya fito da Photoshop a 1990 sai aikin ya koma kan tebur, da wayoyin zamani suka yawaita kuma sai ya koma aljihu. Yanzu har an kai ga na'urar da za ka rubuta mata magana ta ƙaga maka hoton abin da bai taɓa faruwa ba.

Dalilinmu na farko na cewa a koyar, shi ne sana'a. Ku dubi abin da ke kewaye da mu. Katin ɗaurin aure, da kalandar biki, da takardar walimar saukar karatu, da allon shago, da takardar da a ke liƙa wa robar zoɓo ko ledar garin kunu, da fostar 'yan takara, da bangon littattafan Hausa, da tallan finafinan Kano, duk sai sun bi ta hannun mai tsara zane a kwamfuta kafin su kai ga injin ɗab'i. Galibin aikin nan a birni a ke yinsa. Magidancin da zai aurar da 'yarsa a ƙauye, in bai sami mai yi kusa ba, sai ya biya kuɗin mota zuwa Gwarzo ko Kano, ya biya ladan aiki, ya sake komawa karɓa, wani lokaci ma ya tarar an ɓata sunan dangi don mai aikin bai san su ba. Me zai hana kuɗin nan su tsaya a gida? Sana'a ce wadda jarinta bai kai na cika shago da kaya ba, ba ta kuma bukatar ƙarfin damtse. Yarinya na iya yinta daga cikin gidansu, mai lalurar ƙafa na iya yinta a zaune, ɗan manomi kuma na iya yinta da rani bayan an kai amfani rumbu.

Na biyu, hanya ta buɗe a gaba. A 2022 Gwamnatin Tarayya ta amince da kafa babbar makarantar fasaha a Kabo, watau ilmi mai zurfi ya zo har ƙofar gida. Sabon mazaunin Jami'ar Bayero a kan hanyar Gwarzo ya ke, ana kuwa koyar da aikin jarida a jami'ar. A Zariya kuma sashen koyar da zane ya girmi Jami'ar Ahmadu Bello kanta. Tun 2015 jarrabawar JAMB ta shiga manyan makarantu a kan kwamfuta a ke yinta duka. Yaron ƙauye da bai taɓa sa hannu a kan kwamfuta ba sai da jarrabawa ta ƙarato, an fafe masa gora ranar tafiya. Aikin hoto kuwa na daga cikin hanyoyi mafi sauƙi na saba wa yaro da na'ura, domin yana ganin abin da hannunsa ya yi nan take, ba ya ƙosawa, yana cikin wasa ya koyi buɗe fayil da adana shi da buga rubutu.

Na uku shi ya fi damunmu. Hoton ƙarya ya riga ya ci rayuka a ƙasar nan. A watan Yuni na 2018, lokacin rikicin Jihar Filato, aka baza hotuna masu tayar da hankali a Facebook, aka ce ga abin da ke faruwa. Binciken da BBC ta fitar a ƙarshen shekarar ya nuna a cikinsu akwai wanda daga wata ƙasa ya fito, an ɗauke shi shekaru da suka wuce. Ko taɓa jikinsa ba a yi ba, suna kawai aka sake masa. Kafin gaskiya ta bayyana an tare matafiya a hanya an kashe, mutanen da ba su san hawa ba, ba su san sauka ba. A shekarar ce kuma aka cika gari da jita-jitar wai Shugaban Ƙasa na lokacin, Muhammadu Buhari, ya rasu an sa wani Jibrin daga Sudan a madadinsa, ana jera hotuna biyu-biyu wai hujja, har sai da ya buɗe baki a ƙasar Poland cikin watan Disamba ya ce shi ne ba wani ba. A 2023 hoton Fafaroma Francis sanye da wata farar rigar sanyi ya zaga duniya, mutane masu yawa suka gaskata, alhali kuwa na'ura ce ta ƙaga shi.

Kada mu ɗauka wannan annoba sai manya ta ke ci. A ce yaro ya nemi yarinya ta ƙi shi, ya sami hotonta na biki, ya yanke kan ya ɗora a jikin wata, ya jefa a zauren WhatsApp na gari. Kafin magariba an nuna wa iyayen wanda zai aure ta. Ko daga baya an gane ƙarya ce, wa zai bi gida-gida ya kwashe? Ko a ce an kawo wa akawun ƙaramar hukuma hoton takardar jarrabawa an mai da faɗuwa cin nasara, ko an nuna wa mai shago hoton rasit na banki wai an tura masa kuɗi alhali ko kwabo bai shiga ba. Lalle akwai doka. Akwai ta laifuffukan intanet ta 2015 wadda aka yi wa gyara a 2024, akwai ta kare bayanan mutane ta 2023. Amma doka bayan ɓarna ta kan zo, rigakafi kuwa ya fi magani. Wanda ya taɓa yanka ya liƙa da hannunsa gaban malami, shi zai fi saurin lura inuwar fuska ta faɗi gabas ta jiki ta faɗi yamma, ko gefen wuya ya yi kaifi kamar an bi da almakashi, ko lamba guda a rasit ta fi 'yan'uwanta baƙi. Ba a sayar wa mahauci mushe.

Mun san abin da waɗansu iyaye za su ce: ashe makaranta ce za ta koya wa yara ƙarya? Magana ce mai nauyi, ba mu raina ta ba. Amma a tuna da zamanin Yaƙi da Jahilci cikin shekarun 1950, lokacin da aka shiga ƙauyuka ana koya wa magidanta karatu da rubutu. Alƙalamin da ya ba talaka ikon duba rasit ɗin harajinsa, da irinsa wani ya rubuta wasiƙar ƙarya. Ba wanda ya ce saboda haka a rufe aji. Haɗa rubutu aka yi da ƙa'ida. Akwai kuma iyayen da damuwarsu ta addini ce, game da surar abu mai rai. Wannan mas'ala ce ta malaman addini, su ke da ta cewa, hedimasta mai hankali kuma zai zauna da liman da iyayen yara kafin ya soma. Abin da za mu ce kurum shi ne filin na da faɗi, yaro na iya shekara yana aiki a kan zayyana da gini da shuka da rubutu bai taɓa fuskar kowa ba.

To, wace ƙa'ida ce za a haɗa aikin da ita? Ba sai mun je nesa nemanta ba, tana nan cikin ofisoshinmu. Duk wanda ya yi aikin akawu, ko ya gaji tebur daga waɗanda suka yi wa En'e aiki a Baitulmali kafin gyaran ƙananan hukumomi na 1976, ya san abin da a ke fara koya wa sabon ɗauka. In ka yi kuskuren lamba a littafin kuɗi, ba a kankarewa da reza, ba a shafewa. Layi guda za ka ja a kai yadda za a iya karanta ta, ka rubuta daidai a bisa, ka sa hannu a gefe. In ka yanka wa mutum rasit, kwafinsa na nan cikin littafi. Akawu na da damar gyara, ɓoye gyaran ne laifi. Mai binciken kuɗi in ya ga layi da sa hannu ya kan wuce, in ya ga kankara sai ya gyara zama. Malamin aji ma haka ya ke yi da rajistar yara. Wannan ƙa'ida da aka tsare dukiyar jama'a da ita, ita mu ke so a ɗauko a ɗora a kan hoto.

Ga yadda mu ke ganin za a yi. Na ɗaya, yaro ya miƙa wa malami hoton kamar yadda ya fito daga kamara, ta katin ajiya ko ta igiyar haɗa waya da kwamfuta. Dalili kuwa, hoto na asali ya kan zo da ranar da aka ɗauke shi da irin wayar da ta ɗauka a rubuce cikinsa, in kuwa aka tura shi ta WhatsApp yadda aka saba sai a matse shi, bayanin nan ya zube. Na biyu, ya haɗo da rabin shafi, da Hausa ko da Turanci, ya faɗi inda ya ɗauka, da yaushe, da abin da ya sake, da dalili. Na uku, ba a taɓa fuskar mutum sai da yardarsa, in yaro ne ko yarinya sai da yardar iyaye, aikin aji kuma ba a jefa shi a intanet sai malami ya sani. Na huɗu, in ya ɗebo wani abu daga aikin wani ya faɗi mai shi, domin zane da hoto dukiya ne, dokar haƙƙin mallaka da aka sa wa hannu a 2023 ta kare su. In kuwa na'ura ce ta ƙaga masa wani sashe, ya rubuta haka ƙarara.

Sa'an nan a raba wa yara hoto gida biyu tun ranar farko. Akwai hoton shaida, kamar na kwalbatin da ruwa ya cinye wanda za a aika wa ƙaramar hukuma, ko na labarin jarida. A wannan ana iya ƙara haske, ana iya datse gefen da ba shi da amfani, amma ba a ƙara komai, ba a cire komai, ba a kuma sake masa suna ko rana. Akwai kuma hoton ado. A nan a sakar wa yaro mara. In ya so ya ɗora raƙumi a kan dutsen Dala, ko ya rina sararin sama da shuɗin marinar Ƙofar Mata, ya yi, a yaba masa in ya iya, muddin ya rubuta a ƙasa cewa haɗi ne. Mai tatsuniya ba maƙaryaci ba ne, domin ya ce "ga ta nan, ga ta nanku" tun da fari.

Kada wani ya ce mun tsananta wa yara, gama da wannan mudu a ke auna wa manyan gwanayen duniya. Gasar hotunan jarida ta World Press Photo, wadda mazauninta ke Amsterdam, ta kan nemi masu takara su kawo asalin hoto a gwada da wanda suka miƙa. A 2015 aka fitar da kashi 20 cikin 100 na waɗanda suka kai kusa da zagayen ƙarshe saboda sun yi gyaran da ya wuce iyaka. A 2023 wani Bajamushe, Boris Eldagsen, ya ci kyauta a gasar hotuna ta Sony, ya tashi ya ce ba zai karɓa ba, domin abin da ya kawo na'ura ce ta ƙaga shi, bai kamata a jera shi da hoton kamara ba. In yaron Masanawa ya saba da kawo asali tun yana sakandare, duk inda ya je aiki ba zai ji baƙon abu ba.

Saura batun abin da za a ɗauka, a nan kuwa mu ke jin tsoron kasala. In aka ce wa yara su kawo aiki aka bar su, sai kowa ya sauko da hoton ɗan ƙwallon Turai ko motar attajiri, ya sake launi ya miƙa. Kowa ya bar gida, gida ya bar shi. A 1958 waɗansu ɗalibai a Kwalejin Fasaha ta Zariya, wadda ta zama Jami'ar Ahmadu Bello a 1962, suka kafa ƙungiyar masu zane. Cikinsu akwai Uche Okeke da Demas Nwoko da Bruce Onobrakpeya da Yusuf Grillo. Matsayarsu ita ce a koyi dabarar Turawa, amma kowa ya koma ga zanen garinsu ya gina a kansa, da haka kuwa suka yi suna har ƙasashen waje. Tun kafin su ma, makarantar da Ɗan Hausa ya buɗe a Nassarawa ta Kano a 1909 ta haɗa karatu da sana'o'in hannu na gida. Mu da mu ke da zayyanar allo, da zanen bangon soro, da aska takwas a ƙirjin riga, da ɗinkin hula, da zanen ƙwarya da na sirdi da na lalle, ba mu da dalilin zuwa aro.

Ayyukan da za a ba yara suna nan birjik. Wani a ce ya bi gidajen ƙasa na unguwarsu ya ɗauki zanen ƙofar zaure kafin a rushe a yi na bulo, ya fitar da zanen a kwamfuta, ya mai da shi adon katin aure. Wata a ce ta nemi tsohon hoton kakanta da gara ta ci gefe, ta ɗauke shi da waya, ta cike yagar, ta mai da wa tsohuwa asalinsa tare da sabo. Waɗansu su bi gona guda daga shuka zuwa girbi, hoto ɗaya ko wane mako daga wuri ɗaya, su jera a takarda guda don ajin aikin gona. Waɗansu su tsara wa matan gari takardar liƙa wa man gyaɗa ko daddawa, da suna da nauyi da rana. Waɗansu su yi fostar tsabtar rijiya da Hausa ingantacciya, a sa wa ƙ da ɗ da ɓ lanƙwasarsu, don mun gaji da ganin allunan da ba su raba ƙafa da kafa ba. A nan ne kuma za su koyi cewa launin da ke fuskar waya ba shi ke fita a takarda daidai ba, domin injin ɗab'i da tawada huɗu ya ke aiki, hoton da ɗigonsa ya yi kaɗan kuma in aka faɗaɗa shi sai ya dagule.

Ba mu manta da halin da makarantun karkara ke ciki ba. Za a ce ina wuta, ina kwamfuta, ina malamin? Gaskiya ne, kuma shi ya sa Gwamna Abba Kabir Yusuf ya ayyana dokar ta-ɓaci a kan ilmi a watan Yuni na 2024. Amma jiran ɗakin kwamfuta mai kujera hamsin shi zai sa a shekara goma ba a fara ba. Kwamfuta biyu ko uku da farantin hasken rana da batir sun isa a soma, a raba yara rukuni-rukuni, wannan rukuni na waje yana ɗauka, wancan na ciki yana gyara. Ba sai an sayi Photoshop ba, ba kuwa sai an sato shi ba, don bai dace darasin amana ya fara da kayan sata ba. Akwai GIMP na gyaran hoto, da Krita na zane, da Inkscape na tsara tambari, duk kyauta ne, in an sa su a kwamfuta ba su bukatar intanet. A waya kuma akwai Snapseed, shi ma kyauta. Wayar makaranta guda a hannun malami ta fi a ce ko wane yaro ya zo da tasa, domin kada ɗan talaka ya zama ɗan kallo. A lura kuma kada maza su mamaye tebur, a ware wa 'yan mata lokacinsu, tun da su ne wannan fitina ta fi cutarwa.

Malamai, a wajen ba da maki ne za a gane ko kun ɗauki abin da gaske. Kada ku ba kyan hoto duka makin, domin na'ura na iya yi wa malalaci kyan. Ku raba: kaso ga ɗaukar asali, kaso ga gwanintar gyara, kaso ga bayanin da ya rubuta, kaso ga amsar da ya ba ku da kuka ce ya sake yin abin a gabanku. Wanda ya kawo aiki mai ƙayatarwa ba asali, ku mayar masa kamar yadda ma'aji ke mayar da takardar biya wadda ba sa hannu. Wanda kuwa aikinsa bai kai ba amma ya faɗi gaskiyar abin da ya yi, ku ƙarfafa masa gwiwa. In malami bai iya ba, ba abin kunya ba ne ya zauna ya koya, ko daga ɗan bautar ƙasa, ko daga tsohon ɗalibinsa mai shago a Gwarzo. A ƙarshen zango a kafa ayyukan a bangon makaranta, asali a hagu gyara a dama, a gayyaci dagaci da masu unguwanni da iyaye. Dattijon da ya ga yadda jikansa ya kawar da bishiya daga hoto, gobe in an miƙo masa waya an ce ga abin da aka yi wa 'yan'uwanmu a gari kaza, zai tambaya kafin ya fusata.

Saboda haka muna kira ga sakatarorin ilmi na Kabo da Gwarzo, da shugabannin makarantu, da ƙungiyoyin iyaye da malamai, su dubi wannan magana tun kafin zango mai zuwa. Muna kira ga 'yan asalin waɗannan garuruwa da Allah ya buɗa wa a birni, in za su yi wa tsohuwar makarantarsu alheri su tuna da farantin hasken rana da kwamfuta, su kuma bi sawu su ga ana aiki da su. Ku kuma akawuna, ku da takardun jama'a ke bi ta hannunku, ku daina karɓar hoton takarda a waya a madadin takarda, ku nemi asali kamar yadda magabatanku suka yi. Icce tun yana ɗanye a ke tanƙwara shi. Yaran nan sun riga sun iya gyara, abin da ya rage mana shi ne mu koya musu ja layi da sa hannu. Allah ya shirya mana zuriya, ya tsare mu da sharrin ƙarya, amin.